Masu Gida da Giwar Aba: Tarihin Hamayyar Kano Pillars da Enyimba

Hamayyar Kano Pillars da Enyimba ta Aba tana cikin mafi zafi da daɗewa a gasar Firimiyar Najeriya. Ba hamayyar maƙwabta ba ce, don kusan kilomita 1,000 ne tsakanin garuruwan biyu. Motar 'yan wasa da ta tashi daga Kano sai ta ratsa Zariya, Kaduna, Abuja da Lokoja, ta tsallake zuwa ƙasar Ibo kafin ta isa Aba. Abin da ya haɗa su faɗa shi ne kofi. A cikin kakar wasa 15, daga 2001 zuwa 2015, ƙungiyoyin nan biyu sun raba kofin gasar sau 11 a tsakaninsu: Enyimba ta ɗauka sau bakwai, Pillars sau huɗu. Sauran huɗun ne kawai suka kuɓuce, Dolphins ta Fatakwal ta samu biyu, Ocean Boys ɗaya, Bayelsa United ɗaya. Duk mai neman sanin wace ce babbar ƙungiyar Najeriya a wancan zamani, amsarsa ba ta wuce Kano ko Aba.

Asalin ƙungiyoyin biyu

Enyimba ce yaya. An kafa ta a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Imo, a ƙarƙashin jagorancin daraktan wasanni na jihar na farko, Jerry Enyeazu. Sunan da harshen Ibo yana nufin giwar jama'a, kuma kirari ne da aka daɗe ana yi wa garin Aba kansa. Da aka yanke jihar Abia daga Imo a 1991, ƙungiyar ta koma hannun gwamnatin sabuwar jihar. Launinta shuɗi ne, gidanta kuma filin wasa na Enyimba da ke cikin Aba.

Kano Pillars ta zo a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya da ƙungiyoyi 16. An narkar da ƙungiyoyi uku na garin, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da guda ɗaya mai ƙarfi, kuma Alhaji Ibrahim Galadima ne jagaban wannan aiki. Kano ba baƙuwar tamaula ba ce kafin nan. Tawagar birnin ta ci kofin ƙalubale tun 1953, Raccah Rovers kuma ta lashe gasar ƙasa a 1978. Pillars ta gaji wannan tarihi, ta gaji magoya bayansa, ta ɗauki launin rawaya da kore, aka laƙaba mata Masu Gida. Tana karɓar baƙi a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da na kofin ƙasashen Afirka a 2000.

Dukansu biyu suna cikin ƙungiyoyin da suka buɗe gasar ƙwararru, amma shekaru goman farko ba nasu ba ne. Iwuanyanwu Nationale, Shooting Stars, Julius Berger da Stationery Stores ne ke cin zamaninsu. Enyimba ta faɗa rukuni na biyu a 1991, ta dawo bayan ta lashe gasar rukunin a 1993. Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta, daga baya ita ma ta sha ƙasa zuwa rukuni na biyu kafin ta farfaɗo a farkon shekarun 2000. A wancan lokaci wasan Pillars da Enyimba wasa ne kamar kowane.

Tashin Giwa

Lamarin ya sauya ne da Orji Uzor Kalu ya zama gwamnan Abia a 1999. Ya zuba kuɗi a ƙungiyar, ya damƙa ragamarta ga Felix Anyansi-Agwu, wanda ya riƙe shugabancinta sama da shekara 20. Aka shiga sayo gwanayen 'yan wasa daga ko'ina a ƙasar, ana biyansu a kan lokaci, abin da ba a saba gani ba. Enyimba ta ci gasar a 2001, ta maimaita a 2002 da 2003. A 2001 har gayyatarta aka yi zuwa Italiya ta kara da Inter Milan a wasan sada zumunta na dawowar Ronaldo daga jinya, inda aka lallasa ta da ci bakwai da nema. Shekara biyu bayan nan ta zama zakarar Afirka.

Kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka ya daɗe yana gagarar Najeriya. Enugu Rangers ta kai wasan ƙarshe a 1975, Shooting Stars a 1984 da 1996, Iwuanyanwu Nationale a 1988, duk suka dawo hannu rabbana. A 2003 Enyimba, ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana, ta doke Ismaily ta Masar da ci biyu da nema a Aba, aka ci ta ɗaya a Isma'iliyya, ta ɗauko kofin. A 2004, Okey Emordi na jan ragama, ta kare kambinta a hannun Étoile du Sahel ta Tunisiya. Kowace ta ci biyu da ɗaya a gidanta, aka je bugun fanareti a Abuja, Enyimba ta yi nasara. A wannan gasar ne aka san dabararta ta fitar da gola Vincent Enyeama a saka Dele Aiyenugba idan an kusa bugun fanareti. Tun bayan TP Englebert ta Kwango a 1967 da 1968 ita ce ƙungiya ta farko da ta ɗauki kofin sau biyu a jere. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya a lokacin da ake wannan biki kuwa shi ne Ibrahim Galadima, uban Kano Pillars.

Wannan nasara ce ta kafa ma'aunin da ake auna Pillars da shi har yau. Duk musun da ya ɓarke tsakanin magoya bayan ƙungiyoyin biyu, mutumin Aba zai ɗaga yatsu biyu, ya ce kofin Afirka.

Ƙofar Mata

Amsar Kano ta fara ne daga gida. Tun daga tsakiyar 2003, lokacin da Julius Berger ta zo ta yi nasara, babu ƙungiyar da ta sake doke Pillars a gidanta a wasan gasar ƙasa sai a watan Agustan 2015, da Nasarawa United ta ci ta biyu da ɗaya. Wasa sama da 200 ke nan, shekara 12. Enyimba ta ɗauki kofin Afirka sau biyu a cikin waɗannan shekaru, amma Kano ta gagare ta.

Ranar wasa, tun azahar hanyoyin da ke zagaye da filin suke cunkushewa. Matasa daga Fagge, Kurna, Gyaɗi-Gyaɗi, Brigade da cikin birni suna kwararowa a ƙafa da adaidaita sahu, masu tallar ruwa da rake da gyaɗa suna bin layi. Kafin a yi la'asar an cika maƙil, wasu a kan katanga. Ana take wasa da ƙarfe huɗu, ganguna da kalangu na tashi, kuma duk sanda ɗan Pillars ya ja ƙwallo ya nufi raga, filin gaba ɗaya yana amsa kalma guda: Sai Masu Gida. A lokacin da gidajen kallo suka janye hankalin matasan Najeriya zuwa Firimiyar Ingila da gasar Sifaniya, har filayen wasa da yawa suka zama kufai, Kano ta ci gaba da cika filinta. Baƙon da ya fi tara jama'a kuwa shi ne Enyimba, saboda doke zakarar Afirka ya fi doke kowa daɗi.

Kofi na farko ya zo a 2008. Mutumin da ya jagoranci aikin shi ne Kadiri Ikhana, wanda ya kai Enyimba ga kofin Afirka shekara biyar kafin nan, tare da Salisu Yusuf. A 2009 Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka a karon farko ƙarƙashin koci Ivo Šajh ɗan ƙasar Slobeniya, ta yi abin da ya sa ake kiranta gagara-badan Al Ahly. Ƙungiyar ta Masar ce mai riƙe da kofin, da su Mohamed Aboutrika a cikinta. Aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a Najeriya, aka yi biyu da biyu a Alƙahira, Pillars ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje. Ta haye rukunin da ya ƙunshi Al-Hilal da Al-Merreikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, ta kai wasan dab da na ƙarshe. A nan Heartland ta Owerri ta tare ta, ta ci huɗu a gida, ta ƙara ɗaya a Kano. Wannan ne mafi nisan zangon da Pillars ta taɓa kaiwa a Afirka.

Shekarun kai-da-kai

Daga 2010 zuwa 2015 ne hamayyar ta kai ƙololuwa, domin kusan kowace kaka ɗayarsu ce a sama, sau da yawa ɗayar na biye da ita. A 2010 Enyimba ta ɗauki kofi, Pillars ta zo ta biyu. A kakar ne wani matashi, Ahmed Musa, ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan. A 2011 dukansu suka wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka, kuma ƙungiya ɗaya ce ta fitar da su, Wydad ta Kasablanka: Pillars a zagayen farko, Enyimba a wasan dab da na ƙarshe.

Sai zamanin Kano ya zo. Pillars ta ci gasar a 2012 da 2013 ƙarƙashin Mohammed Baba Ganaru, ta ƙara a 2014 ƙarƙashin Okey Emordi, wanda ya ba Enyimba kofinta na biyu na Afirka. Tawagar ta ƙunshi Rabi'u Ali da ake wa laƙabi da Pele, Gambo Mohammed, gola Theophilus Afelokhai da sauransu. Da wannan ta shiga sahun Iwuanyanwu Nationale da Enyimba, ƙungiyoyin da suka taɓa cin gasar sau uku a jere. A 2013 da 2014 Enyimba ce ta zo ta biyu. A 2014 ɗan wasan gabanta Mfon Udoh ya ci ƙwallo 23, ya kafa tarihi a gasar, amma kofin ya tafi Kano. Enyimba ta huce haushinta a kofin ƙalubale, wanda ta ɗauka a shekarun biyu, na 2013 kuma Salisu Yusuf ne ya ciyo mata shi. A 2015 ta ƙwace kambin gasar daga hannun Pillars, kuma kocin da ya yi mata wannan aiki shi ne Kadiri Ikhana.

Waɗannan shekaru sun zo daidai da kafa kamfanin LMC mai kula da gasar a lokacin, wanda ya fara aiki a kakar 2013. An ƙara yawan wasannin da ake nunawa a talabijin, aka tsaurara hukunci a kan filayen da ake ta da zaune tsaye, aka matsa wa ƙungiyoyi su biya 'yan wasa haƙƙinsu. Wasan Pillars da Enyimba ya zama wanda masu shirya gasar ke tallata ta da shi.

Abin da ke rura wutar

Dalili na farko shi ne yanayin gasar kanta. A Firimiyar Najeriya cin wasa a waje abu ne mai wuya: doguwar tafiya a mota, filin da ba a saba da shi ba, matsin magoya baya a kan alƙalin wasa. Ƙungiyar da ke neman kofi dole ta cinye wasanninta na gida, ta tsinci maki ɗaya-ɗaya a waje. Saboda haka kunnen doki a Kano ko a Aba yana iya yanke hukuncin kaka guda, kuma kowane bugun fanareti da aka bayar ko aka hana yakan zama abin musu na makonni a rediyo da majalisun hira.

Na biyu, ƙungiyoyin mallakar gwamnatocin jihohi ne. Nasararsu abin alfahari ce ga gwamna mai ci, faɗuwarsu abin gori ce, kuma ƙarfinsu yana hawa da sauka gwargwadon kulawar da suke samu daga gidan gwamnati. Na uku, kowace tana ɗauke da sunan yanki. Pillars ce ƙungiyar Arewa da ta fi cin kofin gasar, kuma tana da masoya nesa da Kano. Enyimba ita ce abin tinƙahon Aba, garin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa.

Garuruwan biyu sun yi kama fiye da yadda magoya bayansu ke yarda. Kano na da Kurmi da Kantin Kwari, Aba na da Ariaria. Takalma da jakunkunan Aba suna cike da shagunan Sabon Garin Kano, inda Ibo suka yi shekara da shekaru suna zaune, yayin da fataken Arewa ke kai shanu kasuwar Lokpanta a jihar Abia. Hanyar da kaya ke bi ita 'yan wasa ke bi, da haɗarinta. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja tana kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Mohammed. A watan Maris na 2020 aka yi garkuwa da ɗan wasan Enyimba Dayo Ojo a hanyar Benin zuwa Owo, aka sako shi bayan 'yan kwanaki.

Mutane ɗaya, riguna biyu

Wanda ya bi sunayen masu horarwa zai ga cewa hannu ɗaya ne ya gina gidajen biyu. Ikhana ya ci gasar da kowacensu. Emordi ma haka. Salisu Yusuf ya ɗauki kofi a Kano, ya ɗauka a Aba. Usman Abd'Allah, mutumin Kano, shi ya ba Enyimba kofin 2019, daga baya ya dawo gida ya horar da Pillars. 'Yan wasa ma suna kai da komowa, Afelokhai ya tsare ragar duka biyun, kuma tawagar Pillars ba ta taɓa rasa 'yan Kudu da Kanawa ke kiran sunansu da ƙauna ba.

Babu labarin da ya nuna wannan kamar na Chinedu Udoji. Mai tsaron baya ne, ya yi shekaru yana kyaftin ɗin Enyimba, ya ɗaga kofuna da ita, sannan ya koma Pillars. Ranar 18 ga Fabrairun 2018 ya buga wa Pillars wasa da tsohuwar ƙungiyarsa a filin Sani Abacha, aka tashi ɗaya da ɗaya, aka zaɓe shi gwarzon wasan. Da dare ya je masaukin Enyimba ya gaisa da tsofaffin abokansa. A hanyarsa ta komawa ya yi haɗarin mota a cikin Kano, ya rasu yana da shekara 28. Washegari ƙungiyoyin da suka kwana suna hamayya suka wayi gari suna makoki ɗaya.

Daga 2018 zuwa yau

A ƙarshen 2018 Pillars ta sha ɗaya daga cikin kaye mafi ciwo a tarihinta. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba tana gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke duka, ta doke ta a bugun fanareti. A 2019 aka raba gasar gida biyu, aka tara ƙungiyoyi shida a filin Agege na Legas don fitar da zakara. Pillars ta doke Enyimba a wannan zagaye, ba a kuma ci ta ko sau ɗaya ba, amma ta yi kunnen doki biyu, Enyimba kuwa ta cinye sauran wasanninta huɗu, ta ɗauki kofin da ratar maki ɗaya. Bayan wasan Pillars da Rangers magoya baya suka kutsa cikin fili, abin da ya jawo wa ƙungiyar tara, aka kuma dakatar da kyaftin Rabi'u Ali. 'Yan makonni bayan haka Pillars ta share hawayenta a Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes a bugun fanareti ƙarƙashin koci Ibrahim Musa, ta ɗauki kofin ƙalubale a karon farko.

Rikicin magoya baya shi ne babban tabon da ke jikin tarihin Pillars, kuma ya fi kowace abokiyar hamayya yi mata illa. A watan Afrilun 2022, a wasan da ta karɓi Katsina United, aka tayar da hargitsi, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta ci ta tara, ta zabtare mata maki, ta kore ta zuwa Abuja. Ƙungiyar da ƙarfinta ke Ƙofar Mata ta rasa Ƙofar Mata, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, duk da Ahmed Musa ya dawo ya taka mata leda shekara guda kafin nan. A 2023, yayin da Pillars ke fafutukar dawowa, Enyimba ƙarƙashin Finidi George ta ɗauki kofinta na tara. A shekarar ne Pillars ta sake hayewa, aka kuma naɗa Nwankwo Kanu shugaban Enyimba. Ahmed Musa ya sake komawa Pillars a 2024, a 2025 aka naɗa shi babban manajanta.

A lissafin kofuna Enyimba ce gaba: gasar ƙasa sau tara, kofin ƙalubale sau huɗu a 2005, 2009, 2013 da 2014, kofin zakarun Afirka sau biyu. Pillars na da gasar ƙasa sau huɗu, kofin ƙalubale sau ɗaya, da tarihin shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ƙasa ba. Tun daga 2016 kofin gasar ya bazu zuwa Enugu, Jos, Uyo, Fatakwal da Ikenne, don haka ba su biyu kaɗai ke rabon sa ba kamar da. Duk da haka, idan aka fitar da jadawalin sabuwar kaka, ranar da Giwa za ta zo Kano da ranar da Masu Gida za su je Aba suna cikin na farko da magoya bayan ɓangarorin biyu ke dubawa.